Matakala Bakwai

Ni na gina su, ba wani ba,
matakala bakwai a ƙofar gidan koyon muhalli na Pitowa.
Kowace sai da na ɗora mata ma'auni
har ɗigon ruwan ya natsu a tsakiya.
In na wuce a babur nakan rage gudu
don in gaisa da aikina.

Wata Laraba aka kawo 'yan makaranta daga Garwa.
Suka haye da gudu kamar 'yan awaki,
sai mace ɗaya da ta rako 'yarta
a keken da ake murzawa da hannu.
Ta zo gindin matakala ta tsaya,
ta ƙirga su da ido,
ta juya ta nemi inuwar dalbejiya.

Ina can ina kwaɓa ƙasar katanga.
Sa'a biyu tana korar ƙuda,
'yar na leƙowa ta taga tana ihu:
Inna, akwai ƙoƙon kan dorina!
Inna, haƙorinta ya kai hannuna!
Ita ko tana cewa: kalla mini da kyau, Dudu,
ki kawo mini labari.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.

Da darakta ta ce a fasa, ban yi musu ba,
amma guduma ta yi mini nauyi.
Wanda bai taɓa rusa ginin hannunsa ba
ba zai gane ba.
Na zuba gangara cikin kwana uku,
na aika a kira Atine, don haka sunanta.

Ta murza, ta murza, jijiyar wuya ta tashi,
keke ya kai rabi ya dawo da baya.
Ta yi dariya har da hawaye:
Sajo, da matakala ka hana ni,
yau kuma ka gina mini dutsen Tingilin!
Zo ka zauna.

Na zauna a kekenta.
Ni da nake ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya,
taku huɗu ban yi ba.

Muka sake awo, ita ke riƙe da bakin igiya.
Ja da baya, ta ce. Ƙara. Ƙara dai.
A nan ka yi mini wurin hutawa.
Kada ka shafe shi sumul, damina na zuwa.
Ƙofar bayan gida kuma, wa ka auna da ita? Ƙadangare?
Shekara talatin ina gini,
mai sayar da man gyaɗa ta mai da ni ɗan koyo.

Ranar buɗewa ta shiga ba wanda ya tura ta.
Bayanta Baba Hamajoda, da ya ci Binuwai da taru
kafin hasken idonsa ya tafi,
yana bin igiyar da muka ja daga bishiya zuwa bishiya.
Ya shafa wani ɓawo, ya sansana, ya ɗan taɓa da harshe.
Yaro, me kuka rubuta a nan?
Marke, Baba.
Goge. Maɗaci ne, bakina shaida.
Jagora ya sunkuyar da kai ya ciro alƙalami.

Atine kuwa tana can gaban dorina,
ta zura hannu cikin ramin idon,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce: Dudu, kin rage mata girma.

Bana gwiwata ta fara ƙara in na durƙusa.
Jiya na kai musu bulo biyu da suka rage,
sai da na kai ƙofa na lura
ta gangarar na hau,
hannuna a kan ƙarfen da na kafa wa wasu.