Bayan Waya

A Ikeja, kusa da gada,
teburina bai kai tabarmar salla ba.
Shekara sha ɗaya ina feɗe wayoyi
kamar mahauci, sai dai ba jini.
Ko sukurun da bai kai ƙwayar gero ba
sai ya keto teku,
ya yi wata biyu a Apapa
kafin ya iso tafin hannuna.

Yau rediyon Sallau mai shayi ya ce
majalisa ta buga guduma:
kuɗin bincike, rangwame ga masana'antu,
wai mu ma mu goga kafaɗa da manyan duniya.
Sallau ya ce, "Takarda ba ta tafasa ruwa,"
ya duƙa ya ƙara wa janareto mai.

Ban tanka ba.
Tasalla nake tunani, 'yata ta biyu,
tana Yaba tana ƙona yatsu da dalma.
Ta haɗa caja daga gawar tsohon rediyo,
cajar ta yi kwana tara, ta yi hayaƙi.
Yarinyar ta murje ido, ta sake zama.

Ku masu sa hannu a Abuja,
ba gasa da kowa ke hana ni barci ba.
Ku ba ta wutar da ba ta ƙifta ido,
da benci,
da malamin da albashinsa ya shigo.

Wata rana in juya bayan waya
in karanta sunan unguwar da na sani,
in ƙwala wa Sallau kira ya zo ya gani
ko da ruwansa na kan wuta.