Ɗaki Mai Taya

A Apapa muka same shi, can ƙarshen filin 'yan tokumbo,
tsakanin wata motar asibiti da ta yi ritaya
da tarin tayoyi masu renon sauro.
Fari fat, kamar da nono aka wanke shi.
Ɗaki ne mai taya, a ɗaura a bayan mota a ja,
da gado, da murhu,
har da ɗan madubi a bayan ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya na yi a reluwe, Ebute Meta,
ina kwance ƙarƙashin taragu
ina tambayar ƙarfe da guduma.
Mai lafiya yana amsa sallama,
mai ciwo sai ya yi gum.
Kuɗin sallamata na nan a aljihun ciki.
Zulai na jingine da bango, hannu a ƙugu,
bayan nan nata ba ya son doguwar kujera,
ga Kaura Namoda da nisa.
So nake in dare ya same mu a Jebba
mu tsaya, ta miƙe a gadonta.

Bamidele dillali ya ce daga Kanada ya sauka,
na wata tsohuwa ne, sau uku ta fita da shi.
Na ce to.
A bakin dillali, tsofaffin Turai ba sa wuce sau uku.

Turaren feshi ya tare ni a ƙofa,
mai yawa, irin na mai ɓoye wani abu.
Na taka daɓe kusa da bayi,
ya lotsa kamar burodin Agege.
Na ja aljihun kabad, mariƙin ya biyo ni.
Abin da na ɗauka katako ne
dusa ce aka matse, aka sa mata riga.
Inda ya kamata noti, gam aka shafa.
Wanda ya haɗa wannan
bai taɓa jin labarin ramukan Mokwa ba.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙasa, gwiwa na ƙara.
Baƙin fenti a jikin shasi, ko bushewa bai gama ba.
Na kankara da makulli,
tsatsa ta zubo mini a ido kamar yaji.
Walda ɗigo-ɗigo, sai ka ce kashin kaza.
Na ƙwanƙwasa. Na sake.
Gum.

Hadarin Legas ba ya neman izini.
Mu uku muka ruga ciki, muka ja ƙofa,
ita ma sai da aka ɗaga ta da kafaɗa.
Rufi ya ɗauki kiɗa, Bamidele ya ɗaga murya:
kun gani? Ko ɗigo!
Na fari ya sauka a katifa.
Na biyu a hularsa.
Ya miƙa ƙafa ƙarƙashin gado, bai ko duba ba,
ya janyo bokiti.
Ashe bokitin ɗan gida ne.

Zulai ta yi dariya har da riƙe ciki.
Da ta lafa, na ga tana murza labule
da yatsa biyu, a hankali,
tana leƙen ruwa ta ƙaramar taga.
Ta ce, labulen dai ya yi kyau.
Ban tanka ba.

Ya rage farashi sau biyu kafin mu kai titi.
Hannuna na kan aljihu.

A danfo, cunkoso ya riƙe mu a Oshodi,
rigata sharkaf, idona na ƙaiƙayi.
Ta ce, Iliya,
nawa ne sandar ƙarfe a Owode Onirin?
Na ce ban sani ba.
Amma takardar fansho na kan cinyata a kife,
biro na hannu,
na riga na ja layi huɗu,
ina lissafin inda tagarta za ta zauna.