Baitin Da Kyamara Ba Ta Kama Ba

Aron kyamarar na yi a wurin Nazifi mai ɗaukar biki.
Ya ce in dawo da ita kafin Asabar,
akwai ɗaurin aure a Gwammaja.
Marfinta ya ɓata, da ƙyallen atamfa nake rufe mata ido.

A ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa muka kafa.
Sama motoci, ƙasa mu,
da sifika ɗaya mai tari kamar tsohon mashayin taba,
da janareta da muke shayarwa da kwalbar lemo.
Ba uban gida, ba tuta.
Tallanmu takarda hamsin ce da muka buga a Fagge,
Shamsiyya ta liƙa su da sitaci
a bayan adaidaita sahun yayanta.

Ukasha ya zo da baƙin mai a farce, daga gareji kai tsaye.
Da rana inji yake kwancewa,
da yamma ya kwance unguwarsu baiti baiti:
kwatar Kurna da ta toshe tun damina biyu,
kuɗin jarrabawar ƙanwarsa,
kansilan da ba a gani sai an kusa dangwale.
Obinna na Sabon Gari ya karɓe,
Hausarsa ta fi tawa karin magana,
ya zagi talauci da harshe uku
har mai faci ya ajiye famfo ya ce, "Maimaita!"

Wani dattijo ya tsaya, ya kira mu 'yan iska.
Na juya masa kyamara, na ce, Baba, faɗa a nan.
Ya gyara hula. Ya faɗa.
Sannan ya ƙara da cewa 'yan gambarar zamaninsu
sun fi mu iya habaici,
kuma ba sa riƙe wando da hannu.
Na bar shi a fim ɗin, ban cire ko tari ba.

Magariba ta yi, muka kashe komai, muka yi salla a kan kwali.
Da muka idar, janareta ta ƙi tashi.
Aka ja igiya, aka ja, har ta tsinke a hannun Ukasha.
Jama'a suka fara sulalewa.
Sai Shamsiyya, wadda ba ta cikin jerin masu hawa,
wadda aikinta rubuta suna da ƙirga canji,
ta kifa jarka, ta ce wa wani yaro, buga.
Kowa ya ɗaga waya don haske, ba don ɗauka ba.
Baiti goma sha shida ta yi a kan mahaifinta,
ma'aikacin masaƙar da aka rufe a Bompai,
wanda har yau yake goge takalminsa da asuba
kamar akwai inda za shi.

Ba a yi tafi ba.
Mai rake ma ya daina fiƙe.

Ni kuwa jan ɗigon kyamara ya mutu tun a baiti na biyu.
Batir.
Ban faɗa wa kowa ba,
na ci gaba da saɓa ta a kafaɗa kamar mai aiki
don kada ta lura ta tsaya.

Wata uku ina yanka ina haɗawa, in an kawo wuta.
Muka haska shi a Dorayi, a jikin farin zanin gado.
Uwar Ukasha ta gane zaninta kafin ta gane ɗanta.
Dattijon nan ma ya zo, ya zauna a sahun gaba,
yana nuna wa na kusa da shi hularsa.

Da aka iso kan Shamsiyya, allo ya yi baƙi.
Na bar baƙin, minti ɗaya da rabi.
Wani ya yi tsaki, ya ce wuta ce.
Sai daga can bayan taro
wasu yara da ban ma san su ba
suka ɗauko baitin daga inda batir ya yar da shi,
kalma bayan kalma,
har takalmin, har asubar.

Jibi zan koma wurin Nazifi aro.
Na tara kuɗin batir na biyu.