Ƙofa ta Ashirin da Biyar

Mako uku wasiƙu na shigowa, ba sa fita.
Babana Belmiro, mai sayar da igiyar jiragen ruwa
a bakin tashar Viana,
ya ce kwamfutar ta koyi halin asusu:
a jefa mata, ba ta bayarwa.

Na zo daga Braga ranar Asabar,
ruwan sama na dukan tagar shago,
warin kwalta da gishiri ya kama komai,
har madannan da yatsunsa suka cinye wa haruffa.

Akwatin fita: arba'in da ɗaya.
Farashin igiya ga masuntan Vigo,
takardar kuɗi ga wani mai jirgi da ya gaji da jira,
duk sun yi layi, shiru,
kamar fasinjojin da direba ya manta da su.

Na fara zargin na kusa.
Kalmar sirri? Daidai take,
sunan karenmu da ya mutu da shekarar haihuwata.
Na kashe, na kunna.
Na zare waya, na hura mata iska, na mayar.
Baba na bayana da kofin gahawa:
"Dā can, kan sarki ɗaya da ɗan yawu, shi ke nan."

Sai na ɗora adireshinsa a wayata,
na aika wa kaina kalma guda ta layin waya.
Ta wuce kamar kifi a ruwa.
Na koma layin shago, na sake. Ta tsaya cak.
Ashe gidan lafiya lau yake,
hanya ce aka datse.

Na kira kamfanin intanet.
Minti ashirin ina shan kiɗan jira
kafin wani Telmo, mai murya kamar bai karya ba,
ya ce: "Ƙofa ta ashirin da biyar ko? Mun rufe ta.
Ta nan masu tallar banza ke kwararo shara,
dubu a minti, daga kwamfutocin mutanen da ba su ji ba su gani ba."
Na ce, babana igiya yake sayarwa.
Ya ce ya sani. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.
"Ai mun sanar da ku."
A ina? Can ƙasan takardar kuɗin wata,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa.

"Ki bi ta ɗari biyar da tamanin da bakwai.
A can sai an yi sallama, an faɗi suna,
an kuma kulle saƙon kafin ya hau hanya."

Na goge lamba biyu, na rubuta uku.
Na danna.

Arba'in. Talatin da tara.
Suka balle kamar awakin da aka kwance wa turke.
Baba na dariya, yana ƙirge da ƙarfi,
goma sha biyu, bakwai, huɗu,
sai dariyar ta ɗauke.
"Graciete, tsaya!"

Sifili.

Ta ƙarshen ta Custódio ce, ƙaninsa da ke Toronto.
Shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji
a kan gidan da kakata ta bari.
Wani dare ya rubuta ta, ya danna,
da jarumtar wanda ya san ƙofa a rufe take.

Magana zarar bunu ce.
Ya zauna a kan nannaɗen igiya,
ya ce, ba za a iya komawa ashirin da biyar ɗin ba?
Na ce a'a.
Ban tambaye shi abin da ya rubuta ba.

Da yamma kwamfutar ta yi ƙara, ya zabura.
Mai jirgin ne, wai kuɗin ya yi yawa.
Baba ya ce in tafi kar jirgin ƙasa ya wuce ni.
Daga bakin titi na waiga:
bai kashe fitilar shago ba,
ya jawo kujera gaban allon,
yana goge tabarau da gefen riga.