Damina a Filin Bayan Layin Dogo

Tun Mayu sama ta buɗe baki a Agege,
ba ta rufe ba.
A garinmu in hadari ya haɗo, manomi ke dariya.
A Ikko kuwa ga ni bakin fili,
usur a wuya, wando naɗe har gwiwa,
ina auna zurfin kududdufi da karan rake.

Ni tela ne.
Koci kuwa yara suka naɗa ni
ranar da na ɗinke musu fasasshiyar tamaula
ban karɓi ko sisi ba.
Shekara uku ke nan ina biyan tarar wannan alheri.

Yara goma sha huɗu, takalma ƙafa tara.
Lurwanu da Wasi'u ɗaya suke rabawa,
wannan dama, wancan hagu,
da yake Allah ya yi Wasi'u bahago.
Kwaɗi sun kafa majalisa a gidan gola.
Ragar ma ba raga ba ce,
gidan sauron Ta'ambo ne, matata,
har yau tana cigiyar inda ya shiga.

Mun sha biyar a Mushin.
Mun sha uku a Oshodi,
bayan danfo ya mace mana tsakiyar ruwa
muka tura shi, mu da kwandasta,
yara suka shiga fili ƙafafunsu sun riga sun tashi wasa.
Na saya musu burodi biyu da ruwan leda,
na ce, "Ku yi haƙuri, gobe ma rana ce."
Chibuzo ya ɗaga kai ya duba sama,
ya ce, "Koci, ina ranar?"

Sai Dayyabu, golanmu, mai tafi kamar faifai.
Uban ya aiko daga Ɓaɓura:
ciyawa ta fi gero tsawo.
Na raka shi tasha da asuba.
Ya miƙo mini yagaggiyar safar hannunsa
wai in ajiye masa zuwa kaka.
Ruwan da ya cinye mini fili a nan
shi ya ɗauke mini gola a can.

Mai fili ya zo da lema da sabon farashi,
wai masu tirela sun taya.
Na zube masa kuɗin ɗinkin kaftani huɗu.
Ya ƙirga da yawu, ya ce sai wata mai zuwa.

Asabar ta ƙarshen Yuli,
'yan Ikeja suka sauko daga farar bas,
kowa da takalminsa, har da na canji.
Kafin hutu sun zura ɗaya.
Mamako ya sauko, layin toka ya wanke,
alƙali na busa, usur na tofar da ruwa.
Saura minti biyu na tura Sagiru,
ɗan mai shayi, ƙafa ba takalmi,
don kawai uban ya rufe tebur ya zo kallo.

Wasi'u ya sheƙa da hagun nan tasa.
Golansu ya yi tsalle, santsi ya wuce da shi.
Tamaula kuwa ta faɗa kududdufinmu,
ta tsaya cik, taki ɗaya da layi,
tana juyi kamar ƙwarya a rijiya.
Baƙi ba su san ramin ba. Mu muka raine shi.
Sagiru ya zo a guje, ya zame,
ya tura ta da ciki,
shi da ita da kwaɗo guda suka shige gidan sauro.

Kunnen doki.
Maki ɗaya tal a damina guda,
amma mai shayi ya yi rabon madara kyauta.

Da dare ba wuta.
Na hura gawayi, ina busar da riguna da dutsen guga,
lamba bakwai ta ɓalle, na nemo allura.
Ta'ambo ta tsaya kaina da fitila.
Ta ce, "Na je filin yau."
Na yi shiru, zare a baki.
Ta ce, "Ɗaya ragar taku ba komai jikinta.
Akwai tsohon na yara ƙarƙashin gado."

Kwano ya fara amsa ɗigon farko.
Talata akwai atisaye.