Mawaƙan Kan Murhu

Disamba ta kama, ƙanƙara ta rufe bakin kogin Hudson.
Winifred Ostrander ta hau tsani da gwiwa mai ƙara,
ta sauko da kwalaye uku daga saman rufi,
kowane mawaƙi a naɗe cikin tsohuwar jarida,
labarin bara ya manne masa a kumatu.

Mai doguwar hula ne ya fara fitowa,
sai uwargida cikin karammiski ja,
sai yaron fitila da gyalen ulu har ƙasa.
Tsawonsu bai wuce kamu ɗaya da rabi ba.
Bakinsu a buɗe, zagaye kamar bakin tulu,
shekara talatin da ɗaya suna riƙe da baiti guda,
ba su furta ba, ba su haɗiye ba.

Alden ne ke sayo ɗaya duk shekara,
ya juya shi, ya rubuta kwanan wata a tafin takalmi.
A ƙafar mai kwandon tuffa rubutun ya karkace.
Daga ita ba a ƙara ba.

Tufafinsu daga gidan kan tudu aka kwaikwayo,
mai ginshiƙai shida,
inda yau ake biyan dala goma sha biyu
a shiga kallon gadaje da cokula.
Kakarta Hedda ta shekara goma sha tara a gidan nan,
ta ƙofar baya,
tana kwashe toka, tana goge azurfa
har fatar yatsunta ta yi laushi kamar dafaffiyar albasa.
Masu ƙera mawaƙa ba su san da ita ba.

Don haka bana Winifred ta ɗauki mai ɓantararren hanci,
ta tuɓe mata leshi,
ta ɗinka mata riga ruwan toka daga tsohon ƙyallen kicin,
ɗinki a karkace, zare ya ƙare ta ƙulla wani launi.
Ta ajiye ta gaba, gaban mai doguwar hula.

Jikarta Tamsin ta ɗora haɓa a kan katako:
“Kaka, me suke rerawa?”
“Kasa kunne.”
Agogo ya buga. Itace ya fashe cikin wuta.
Can a titi motar kwashe ƙanƙara ta wuce tana gurnani.

“Ta gaban nan fa? Muryarta ba ta fita.”

Winifred ta gyara wa Hedda ɗankwali da ɗan yatsa.
“Ita ba waƙa take yi ba, ’yar nan.
Hamma ce. Tun ƙarfe huɗu ta tashi.”