Arba'in da Biyu

Takardar izini tana manne a bangon kicin,
tsakanin kalandar kamfanin taki da hoton Baba.
Sunansa na nan a sama, Orvin Tollefson,
an ja masa layi da biro, an sa nawa a ƙasa.
Gadona ke nan a arewacin Minnesota:
shinge, bashin banki, da dabba arba'in da ɗaya.

Tsayin shinge ƙafa takwas, ba ragi.
Na bi shi cikin dusar ƙanƙara har gwiwa
ina lalube inda waya ta saki,
yatsuna sun ƙage a kan filaya.
Doka ba ta jin sanyi.

Kowane kunne da lambarsa,
rawaya ta mata, shuɗiya ta maza.
Babban namijin nan mai ƙaho rassa-rassa
kamar bishiyar da aka kifa saiwarta sama,
wanda in kaka ta yi yakan tsaga dare da kuka,
Baba kan kira shi Gwamna.
A ofis sunansa sifili, bakwai, uku.

In ɗaya ta faɗi, ba a binne ta da kai.
Sai a naɗe kan a leda, a kai shi birni
a duba ko ciwon nan ne mai cin ƙwaƙwalwa,
mai sa dabba ta rame a tsaye, yawu na dalala.
Kai ɗaya tak ya ja wa maƙwabcinmu Delbert.
Motoci uku suka zo da sassafe,
kafin rana ta take, gonarsa ta yi tsit.
Yanzu masara yake nomawa.
Bai cire shingen ba, ba ya kuma kallonsa.

Daren Talata iska ta tumɓuke itace
ta danne waya a kusurwar rafi.
Na fita da tocila, gabana na dukan uku-uku,
ina ƙirga idanu masu ƙyalli a duhu,
ina jiran giɓi.
Arba'in da biyu.
Na goge fuska, na sake daga farko.
Arba'in da biyu.

Ga ta can a tsakiyarsu, siririya,
'yar barewar daji, kunnenta ba huji,
haƙarƙarinta a fili kamar haƙoran mataji,
ta sa kai a ciyawata
kamar da gayyata ta zo.

Na shimfiɗa fom a kan tebur.
Akwai gurbin waɗanda aka haifa,
da na waɗanda suka mutu,
da na sayarwa, da na masu tserewa.
Wadda ta kawo kanta da ƙafarta
babu wanda ya tanadar mata layi.

Kwana ɗaya na yi ban ɗaga waya ba.
Na ce ko in buɗe ƙofa da dare, in juya baya.
Sai na tuna gonar Delbert,
na tuna dajin da ke bayan rafi
cike da 'yan'uwanta marasa lamba.

Loreen Haskett ta zo ranar Alhamis
da hula mai tambari da kofi a hannu.
Ta daɗe a jingine da ƙyaure tana kallo.
Ta ce, "Arlis, ta daji ba taki ba ce.
Amma ta sha ruwa a kwano ɗaya da naki,
ba ta da hanyar komawa."
Na ce na sani.
Ta ce, "Shiga gida ki kunna rediyo."
Ban kunna ba.

Na ɗinke waya kafin duhu,
na ja ta har tafin hannuna ya tsage.
Na ƙirga. Arba'in da ɗaya, lissafi ya yi daidai.
Na sa hannu inda aka ce in sa.

Sai a bayan kalanda, inda ba mai dubawa,
na rubuta da fensirin Baba:
baƙuwa ɗaya, kwana biyu,
ta ci ta ƙoshi.